Zauren Gwaggo: Kara, Ƙwarya da Jar Ƙasa

Masu karatu, assalamu alaikum. Tun da aka fara yankan dawa nake ganin kara yana shigowa gari a amalanke da bayan kura, sai ga shi wasiƙun da suka taru a wannan watan ma kusan duk a kan abu guda suke, wato yadda mutum zai yi abin ado da abin da ya tsinta a hanya ko ya samo daga gona. Na ji daɗin haka ƙwarai. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da aikin hannu a firamare, kuma a cikinsa na buɗe ido, domin kakata mai saƙar faifai ce a cikin birni, ba nisa da Kurmi. Na zaɓi wasiƙu biyar. Sauran ku yi haƙuri, suna nan a ajiye.

TAMBAYA: Gwaggo, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni malama ce, aji huɗu nake riƙe da shi, yaran sun haura saba'in. An ce ƙarshen zango kowane aji zai baje kolin aikin hannu, amma ko sisi ba a ba mu ba, iyayen kuma ba zan iya buɗe baki in ce su sayo fenti ba. Yaya zan yi? (Wata malama, Kurna)

AMSA: 'Yata, Allah ya yi miki albarka da ba ki ɗora wa iyaye ba. Kin kuma yi tambaya a kan gaɓa, domin a kaka muke. Ki fara da kara. Dami ɗaya na karan dawa zai ishi ajinki, musamman in kin samu sille, wato siririn saman nan mai santsi. In aka ɓare bayansa sirara-sirara, ɓawon ya zama kamar ƙusa, totuwar ciki kuma ta zama katako, sai a riƙa soka wannan cikin wancan. Ba gam, ba zare. Da haka yaran garin nan suka daɗe suna ƙera mota da tabarau da kejin tsuntsu da gadon 'yar tsana. Kada ma ki ce za ki koya musu. Ki zube karan a tsakiyar aji ki tambaya wa ya iya motar kara, za ki ga hannuwa sun tashi, kuma sau da yawa yaron da ke zama can baya, wanda ba ya iya karanta layi biyu, shi zai zama malamin ranar. Ki bar shi ya koyar. Na sha ganin yaro ya canza gaba ɗaya daga irin wannan rana guda. Abin lura kawai, ɓawon kara yana da kaifi kamar reza, don haka ke da manyan ajin za ku ɓare, ƙanana su harhaɗa.

Sai launi. Ƙasar Kano ja ce saboda ƙarfen da ke cikinta, duk wanda ya hau Dala ko Goron Dutse ya sauko da shaidar haka a ƙafarsa. Ki sa yara su kawo ƙasa kala-kala a ƙulle a leda: ja, da mai ruwan ɗorawa, da farar ƙasa, da baƙin laka na bakin kududdufi. A daka kowace daban, a tankaɗe da rariya. A zuba a roba a dama da ruwa mai yawa, a jira kaɗan yashi ya zauna, sai a tsiyaye ruwan saman mai kauri a wani mazubi. Wannan ruwan shi ake bari ya kwana. Da safe za ki tarar da laka mai laushi kamar kullu ta kwanta a ƙasa, ki zubar da ruwan, ita ce launinki. Amma in kin shafa ta haka nan, da ta bushe za ta kaɗe. Abin da ke riƙe ta shi ne ƙaro, wanda almajirai ke sa wa tawada. Ki jiƙa awo ɗaya na ƙaro a awo biyu na ruwa ya kwana, ki tace da tsumma, ki riƙa ɗiga shi a kan lakar kina gaurayawa. Ki gwada a kwali: in ya bushe kin goga yatsa ya biyo ki, ƙaron bai ji ba, in ya yi ƙyalli yana tsattsagewa, ya yi yawa. Kada ki haɗa da yawa, ruwan ƙaro ba ya wuce 'yan kwanaki yake tsami.

Baƙi kuwa gawayi ne da aka niƙe lilis, ko baƙin gindin tukunya. Akwai wani baƙin da yara ke so fiye da kowanne, domin a gabansu yake faruwa. Ki dafa bagaruwa, wadda majema ke jima da ita, ruwan ya fito ruwan ƙasa-ƙasa. Ki jiƙa tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa kwana biyu ko uku a ruwan da aka matsa wa lemon tsami. Ki zuba kaɗan daga wannan a cikin wancan, nan take ya koma baƙi ƙirin. Sinadarin da ke cikin bagaruwa ne ya gamu da ƙarfe. Haka zoɓo, ja ne, amma in aka ɗiga masa ruwan kanwa sai ya juya shuɗi-shuɗi ko kore. Kurkum rawaya ne, kanwa ta mai da shi ja. Sai dai waɗannan biyun suna koɗewa in sun sha rana, ƙasa da gawayi kuwa ba sa koɗewa. Buroshi kada ya dame ki: a tauna bakin asuwaki ya yi laushi, ko a tsinto gashin kaza. Takarda kuma kwalin taliya da na sabulu, masu shaguna za su ba ki.

Abu biyu zan roƙe ki. Na farko, ki duba duk ƙwayar da yaro ya tsinto kafin ta shiga aji. Idon zakara, jan ƙwayar nan mai ɗigon baƙi, tana da kyau har ta fi dutsen wuya, amma dafi ce mai kisa in aka tauna, kuma huda ta ma haɗari ne. 'Ya'yan zurma haka suke. Ruwan tumfafiya kuma in ya shiga ido yana yin ɓarna. Ƙwallon dabino da na tsamiya da na kanya da ƙodagon goruba sun wadatar. Na biyu, ki gaya musu da babbar murya kada wanda ya je ya kankaro ƙasar badala. Ganuwar nan tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, shekara kusan 900 ke nan, kuma abin da ya rage mata bai kai a ɗebi ko cikin cokali ba. Duk inda ake haƙa harsashin gini akwai jar ƙasa a zube, a roƙi magina.

TAMBAYA: Gwaggo, barka da aiki. Na ga ƙore masu zane a waya sun ba ni sha'awa, sai na sayo guda shida na yi musu fenti na shafa man ƙyalli. Ba a yi wata biyu ba fentin ya fara ɓarewa, biyu sun yi fumfuna, ɗaya kuma wani gari-gari ke zubowa daga jikinta. Kuɗina sun tafi. Ina kuskuren yake? (Wata ɗaliba, Ɗorayi)

AMSA: 'Yata, sannu, na san zafin wannan. Ni ma a farkon koyarwata na taɓa shirya ƙore fiye da ashirin don bikin makaranta, na yi gaggawar rufe su da man ƙyalli a cikin damina, na jera a sito. Ranar da na buɗe, duk sun yi baƙi-baƙi daga ciki. Na zauna a bakin ƙofar siton na yi kuka, saboda yara ne suka yi zanen da hannunsu. Da na kai wa kakata ƙara, ba ta ce komai ba sai da ta ɗauki guda ta ƙwanƙwasa da farce, ta sa a hanci, sannan ta ce mini ba a fafe gora ranar tafiya.

Matsalolinki uku ne, kowace da dalilinta, kuma duk kafin ki ɗauki buroshi suka faru. Fumfuna daga danshi take. Duman da aka cire bai gama ƙosawa ba, ko aka fafe shi ba a bar shi ya sha iska ba, yana riƙe da ruwa a jikinsa, in kin toshe shi da man ƙyalli ruwan ba shi da hanyar fita. Garin da ke zubowa ƙwaro ne a ciki yana ci. Ɓarewar fenti kuwa, bayan ƙwarya yana da wata siririyar fata mai santsi kamar an shafa mata kakin zuma, fenti ba ya kama ta.

In za ki sake saye, ki je layin 'yan ƙwarya a Kurmi da rana tsaka, ki ɗauki lokaci. Ki ƙwanƙwasa: busasshiya tana amsawa da ƙara mai tsini, mai danshi kuwa muryarta a dushe take. Ki danna gefen bakin da babban yatsa, in ya lotsa ki ajiye. Ki ɗaga ta saitin rana ki nemi ƙananan huji kamar na allura, in kin ga ko ɗaya kada ki saya, ko an rage miki kuɗi, domin za ta shafa wa sauran. Ki zaɓi mai kauri in sassaƙa za ki yi. Kuma ki gaya wa mai ƙwaryar abin da za ki yi da ita, ki ce masa, Baba, ta zane nake so. Sun san kayansu fiye da ni da ke.

In kin kawo gida, ki jiƙa ta, ki kankare sauran totuwar ciki da cokali har ki kai ga jiki mai tauri. Bayan kuma ki dirje da soso da yashi mai laushi, yadda matan Fulani ke wanke ƙwaryar nono. Ki kife ta a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a tsakiyar rana ba don kada ta tsage, ki ba ta sati biyu. Hunturu ne lokacin wannan aiki. Sannan ki goge da samfefa mai laushi.

Yanzu ga ra'ayina, ko da ba ki tambaya ba. Ni ban cika son fentin gwangwani a kan ƙwarya ba. Yana rufe launinta na asali, ruwan zuman nan da ke ƙara nuna da tsufa, ya mai da ita kamar roba. Masu sassaƙar ƙwarya na gargajiya hanya biyu suke bi. Ko su yanka zanen da bakin wuƙa su shafa baƙin tukunya da aka kwaɓa da mai, su goge, baƙin ya zauna a cikin yankan kawai, ko farar ƙasa in fari ake so. Ko kuma su sa ƙarfe a garwashi ya yi zafi su riƙa ƙona zanen. Irin wannan ba ya ɓarewa, domin a cikin jikin ƙwaryar yake. Ki fara da ƙusa mai tsawo da kika kafa a guntun ice, ki gwada hannunki a kan sakaina kafin ki taɓa mai kyau. Ki yi a tsakar gida saboda hayaƙi. In kin gama, ɗan man gyaɗa a tsumma ya isa. Ki leƙa Gidan Makama ki ga tsofaffin kayan da ke ajiye a can, ki tsaya ki kalli yadda aka raba fili a jikin abu mai zagaye, don nan ne gwanintar take. Ƙwaryar da ke zubar da gari ki fitar da ita daga ɗaki yau. Sauran ki kankare fentin, ki wanke, ki shanya, za su yi.

TAMBAYA: Gwaggo, ina son manna ganye da furanni a takarda in sa a firam, amma duk wanda na matse a littafi sai ya yi baƙi ko ya ruɓe. (Wani matashi, Hotoro)

AMSA: Ɗana, littafi ɗaya ba ya shanye ruwan ganye, musamman mai takarda mai sheƙi. Tsohuwar jarida za ka nema. Ka tsinko ganyen da hantsi bayan raɓa ta bushe, ka shimfiɗa tsakanin jaridu ba tare da wani ya hau wani ba, ka ɗora katako, ka danne da bulo biyu. Sirrin shi ne canza jaridar: kullum a kwana ukun farko, daga nan bayan kwana bibbiyu. A hunturu kwana goma ya isa. A watan Agusta kuwa wahala kawai za ka sha.

Ba kowane ganye ke yarda ba. Mai kauri da ruwa yakan yi baƙi. Na darbejiya da na tsamiya da na zogale suna fita da kyau saboda sirara ne kuma a jere suke, na rogo yana ba da siffar tafin hannu. Wanda na fi so shi ne na kalgo, mai kama da sawun raƙumi, jijiyoyinsa suna fitowa raɗau. In kana bi ta ƙarƙashin itatuwan maɗaci da rani, ka duba ƙasa, 'ya'yansa suna fashewa gida huɗu kamar tauraro, ba sa bukatar matsewa. Wajen mannawa ka ɗiga farin gam na kafintoci kaɗan da tsinke, kada ka mulka. Ka rataye firam ɗin inda rana ba ta dukansa. Koren zai koma ruwan ƙasa a hankali ko me ka yi, don haka tun farko ka tsara aikin a kan siffa, kada ka dogara da launi.

TAMBAYA: Gwaggo, 'yata tana son ƙera abubuwa da yumɓu, amma mahaifinta ya ce ba ya son mutum-mutumi a gidansa. Na rasa yadda zan yi kada in kashe mata gwiwa. (Wata uwa, Gwale)

AMSA: Ƙanwata, hukuncin wannan na malamai ne, ku tambaye su tare da maigidan. Abin da zan iya gaya miki shi ne, ko an bar siffar mai rai gaba ɗaya, filin da ya rage ba shi da iyaka. Ki kai ta ta ga zanen bangon Gidan Ɗan Hausa da na tsofaffin soraye a cikin birni, ta ga dagi, ta ga zayyanar allon sauka. Ta gina tukwane da asusu da kasko da ɗan ƙaramin gida mai zanko. Ki nuna wa mahaifinta na farkon da ta gama, ki bar shi ya riƙe a hannunsa.

TAMBAYA: Gwaggo, ina saƙar faifai da kaba, na gada wajen mahaifiyata. Galura nake rini da ita. Wata mai saye daga Abuja ta ce in da launin gargajiya ne za ta ninka kuɗin. Shin da gaske akwai shi, kuma zai biya wahala? (Wata mai sana'a, Yakasai)

AMSA: 'Yar'uwa, akwai shi, da shi kakanninmu suka yi aiki kafin galura ta zo. Ja daga karan dafi ake samu, wata irin dawa ce da ake nomawa don jan kuben da ke lulluɓe da karanta, ba don hatsi ba. Da shi dukawa ke rina jar fatar nan da ta kai sunan Kano har ƙetaren Sahara. Ana daka shi a jiƙa da ruwan toka ko ɗan kanwa, launin ya fito, sai a dafa kabar a ciki. Rawaya daga saiwar rawaya ko kurkum. Baƙi daga bagaruwa da ruwan ƙarfe, kamar yadda na bayyana wa malamar Kurna a sama. Ki tambayi masu kayan gargajiya a Kurmi.

Shuɗi ne mai wuyar sha'ani, kuma ba zan ba ki shawarar ki haɗa shi a gida ba. Baba, wato ganyen da ake samun shuɗin daga gare shi, ba ya narkewa a ruwa haka kawai. Sai an haɗa shi da toka a cikin rijiyar rini an bar shi kwanaki ya ruɓa, kullum ana motsawa. Abin da aka tsoma yana fitowa ne kore-kore, iska ce ke mai da shi shuɗi a gaban idonki, shi ya sa marina ke tsomawa su ɗaga, su tsoma su ɗaga. A karofin Ƙofar Mata, wanda aka rubuta 1498 a ƙofarsa, har yau haka ake yi. Ki ɗauki ɗan ƙullin kaba ki je ki gaishe su, ki roƙa a gwada miki. In ya kama yadda kike so, sai ku yi ciniki.

Kaba ba ta shan launi kamar auduga, saboda bayanta da santsi. Ki tsaga ta tukuna, ki jiƙa ta kwana, ki dafa a ruwan launin a kan wuta marar ƙarfi, ki bar ta ta huce a ciki, ki shanya a inuwa. Sau da yawa sai an maimaita. Launin ba zai yi ihu kamar na galura ba, jan zai fito kamar na goro, kuma wannan lafawar ita mai sayen ke nema.

Batun ko zai biya, kada ki amsa mata da baki. Ki rina na faifai biyu kacal. Ki rubuta kuɗin karan dafi, da na itace, da na motar zuwa kasuwa, da kwanakin da aikin ya ci, domin mu mata mun saba mantawa da kuɗin lokacinmu. In ninkin da ta ce bai rufe wannan ba, ki faɗa mata naki farashin ba tare da jin kunya ba. Ki karɓi rabin kuɗi kafin ki fara mai yawa. Kada kuma ki saki masu sayen galurarki na unguwa saboda mutum ɗaya, su ne kasuwarki ta kullum. In kin rina da galura ki ce galura ce. Sannan ki yanki guntun kowace kaba da kika rina ki ɗinka a kwali, ki rubuta abin da kika zuba da yawansa da ranar, don in ta dawo bayan wata shida ta ce irin wancan jan take so, ki san inda za ki nemo shi.